Miskilina da hon ɗin mai yogot

Ranar da komai ya canza mini, ina tsaye a gidan renon yara a unguwar Maamobi, na zo ɗaukar ɗana Faisal.

Ya haura shekara biyu bai fara magana ba. Ni kuwa in na kalle shi, miskilin saurayin cikin littattafaina na soyayya nake hangowa, mai farar shadda, wanda shirunsa ke sace zuciyar 'yan mata.

Sai mai yogot ya wuce a keke yana matsa hon. Yara duka suka ruga bakin ƙofa. Faisal ko waiwayawa bai yi ba.

Anti Memuna mai renonsu ta riƙe hannuna. "Maman Faisal, kin gani? Kullum haka yake."

Na yi dariya. "Anti, aji ne. Miskili na haifa."

"Ƙanwata, miskili ma yana son yogot. A duba kunnensa yanzu, tun bakinsa bai saba da shiru ba."

A gida na tsaya bayansa na kira sunansa, a hankali, sannan da ƙarfi. Bai juyo ba.

Iyaye mata, inda kuke barin naku, akwai mai lura haka? Ku gaya mini.

Ni dai gobe zan kai shi asibiti a gwada jinsa.