Duwatsun da Baffa Ya Kai Ni Gani

Sana'ar gidanmu haƙan rijiya ce. Mahaifina ya rasu ina cikin zanen goyo, rijiya ce ta rufta masa a wani ƙauye gabas da Gezawa. Ƙanensa, Baffa, shi ya raine ni, shi ya miƙa mini dagi ya koya mini shiga rami. Har na girma ban taɓa jin ya ɗauko maganar ranar ba.

Shekaru kaɗan kafin basasar Kano, ina da mata da 'ya'ya biyu, Baffa ya same ni bayan an zuba gero a rumbu, ya ce in shirya za mu duwatsun Kazaure. Na tambaye shi ko aiki aka kira mu. Ya ce a'a, kallo za mu. Na yi mamaki, don a lokacin idonsa ya fara dushewa, kuma mutum ne da ko kasuwar Minjibir ba ya zuwa sai da dalili.

Muka bi ayarin wasu fatake masu jakuna saboda tsoron mahara. Kwana uku muka yi a hanya. A wajenmu ƙasa shimfiɗe take, gona bayan gona, ba ka ganin dutse sai ka haƙa gaba goma sha. A rana ta uku sai ga tuddai sun jeru daga kudu zuwa arewa, baƙaƙe, kamar shanu sun kwanta a layi.

A gindin tuddan muka sauka wajen wani Bamaguje mai sassaƙa dutsen niƙa, tsohon abokin Baffa. Da hantsi ya shige mana gaba muka fara hawa. Baffa yana tafe yana tsayawa, abin da ido ya kasa sai hannu ya yi masa. A wata tsaga inda ruwan damina ya wanke gefen tudu, ya kama hannuna ya ɗora.

"Me ka ji?"

"Dutse, Baffa."

"Sake shafawa."

Na shafa a hankali. Falle-falle ne, sirara, ɗaya bisa ɗaya, irin yadda laka take kwanciya a busasshen tafki. Amma ba a kwance suke ba, a tsaye suke, sun karkata. Can gaba kuma suka lanƙwashe suka dawo, kamar an naɗe zani.

"Laka ba ta kwanciya a tsaye," in ji Baffa. "Wannan a kwance yake a da, a ƙarƙashin ruwa. Wani abu ne ya matse shi ta nan da ta can har ya miƙe. Ikon Allah ne, amma Ya bar mana alama."

Bamagujen ya yi dariya ya ce su dai kakanninsu sun ce tudun raguwa yake yi. Ya nuna mana farin yashi da ke gangarowa ta bakin tsagar. Baffa ya damƙi yashin ya murza, ya ce irinsa muke tararwa a gaba huɗu a gida. Ya ce tuddan nan kututture ne kawai, abin da ya rage na wasu manya da ruwan sama ya cinye, ya kwashe garinsu ya shimfiɗa mana muke noma a kai. Saiwarsu kuwa tana nan ta ƙarƙashinmu.

Da muka kai sama, sai ga wani falalen dutse cike da ramukan niƙa, sun fi ashirin, sun yi santsi. Ba gida, ba kufai, ko guntun fasasshiyar tukunya babu. Na tambayi Bamagujen ko na su waye ne. Ya ce ba nasu ba ne, kakanninsa ma haka suka tarar. Ya ƙi taka wurin, ya zagaya ta gefe. Na durƙusa na sa hannu a ɗaya, na ji gwiwoyina sun faɗa daidai inda wata mace ta daɗe tana durƙusawa. Na yi maza na miƙe.

A saukowa ne Baffa ya sa aka kai mu wani gefe inda dutsen yake da laushi, yana sheƙi, yana ɓarewa. Ya ce in zuba ruwan gorata a tsakanin fallayen. Na zuba. Ya sa sandarsa ya ɗan taɓa, sai wani falle mai faɗin tabarma ya sulale ya faɗi gabanmu ya tarwatse.

Baffa ya zauna a ƙasa.

"Irin wannan ne ya rufta wa ubanka," ya ce. "Ya kira ni daga ƙasa, ya ce bangon a karkace yake, bai yarda da shi ba. Ni ina sama riƙe da igiya. Na ce masa dutse ai dutse ne, ya ci gaba, ruwa ya kusa. Bayan ya rufta, na yi ta jin muryarsa har la'asar, muna tono ba mu kai ba."

Bamagujen ya juya mana baya. Ni kuwa na ce, "Allah Ya jiƙansa, Baffa, kwanansa ne ya ƙare." Ya ce amin, amma ya ci gaba da ɗaga mini fuska kamar yana jiran sauran magana. Ban ce masa na yafe ba. Na kama shi ya tashi, muka sauko.

A hanyar gida ya yi ta koya mini yadda zan gane karkataccen dutse a rami, da ɓangaren da zai sulalo. Da daminar da ta biyo baya ya rasu.

Tun daga nan sau uku ina barin rijiya saboda karkataccen dutse, ruwa na dab da fitowa, masu gari suna zagina, ban kula ba. Ba wanda ya mutu a hannuna. Amma har yau, tsufa ya zaunar da ni, idan na wuce bakin rijiya ba na iya leƙawa ban yi sallama ba, kuma sai na ɗan tsaya, kamar mai jiran a amsa daga ƙasa, kafin in tafi.