Tarjuki Mai Gyaran Hoto da Tsarabar Surukinsa

Ina tsugune a gaban mai shinkafar safe, ta zuba mini a ganyen ayaba ban kai ga sa hannu ba, sai lasifikar masallacin unguwarmu ta yi ƙarar nan da take yi idan za a sanar da rasuwa. Kowa ya dakata. Aka faɗi sunan, aka maimaita: Tarjuki ɗan marigayi Dasmun, mai shagon hoto na bakin gada. Mai shinkafa ta dube ni, ta miƙo hannu a hankali ta karɓe ganyen, don ta ga zan zubar. Daga baya na ji cewa zuciyarsa ce ta tsaya bayan sallar asuba, yana zaune a kan dadduma. Allah ya jiƙansa. Na yi kukana na ƙoshi, amma mutumin da ya fi kowa sa ni dariya a Pekalongan, garinmu na bakin teku, bai kamata a tuna shi da hawaye kaɗai ba.

Tare muka tashi. Ubansa ya kai shi marinar atamfa inda nake aiki har yau, amma ba a daɗe ba aka sallame shi, domin duk zanen da aka ba shi ya tsoma sai ya tsaya yana kallon furannin jikin zanen har ruwan baba ya huce. Daga nan ya koma shagon wani tsohon mai hoto, ya koyi gyaran fuska da ɗan siririn burushi. Da zamanin kwamfuta ya zo, ya koye ta da girmansa, da yatsu biyu, harshe a waje.

Yawancin aikinsa na mamata ne. A garinmu idan za a yi addu'ar arba'in, iyali kan buga ɗan littafin Yasin su raba, da hoton mamacin a shafin farko. To mutanenmu ba su cika ajiye hoton kirki ba, kuma ruwan teku yana shigo mana gidaje yadda ya ga dama. Sai a kawo masa ɗan hoton katin shaida, rabinsa ya ci gishiri. Shi kuma ya zauna ya goge tabon, ya ɗora wa mutum hula, ya sa masa rigar da bai taɓa mallaka ba. Kafin ya fara yakan tambayi matar mamacin, "Yana dariya kuwa a gida?" In ta ce a'a, sai ya ce, "To bari mu ɗan taimake shi." Mata da yawa sun shiga shagon nan suna sharar ƙwalla, sun fito suna rufe baki da mayafi.

Kwamfutarsa tsohuwa ce, a kan bulo yake ɗora ta saboda ruwa, kuma Hajiya yake kiranta. In ya danna abu ta tsaya tana tunani, sai ya naɗe hannu ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya ba ta gaggawa." Ga ƙaramin hoton mutum ɗaya, Hajiya tana lallaɓawa ta gama. Ba ta taɓa kunyata shi ba sai da maganar mahaifiyarsa ta taso.

Mak Wasripah, don Mak muke ce wa uwa, ciwon suga ne ya taɓa mata ido. Likita ya ce ganin zai yi ta raguwa, babu abin da zai dawo da shi. Ba ta yi raki ba. Abu ɗaya ta roƙa: tana son ta ga 'ya'yanta da jikokinta duka a hoto ɗaya, babba, tare da mijinta marigayi, tun tana iya bambance fuska. 'Ya'yan kuwa sun watsu. Ɗaya yana tuƙi a Jidda, ɗaya tana jinyar tsofaffi a Taiwan, ɗaya tana gonar manja a Kalimantan, autan yana jirgin kamun kifi. Ba su taɓa haɗuwa a sallah ɗaya ba tun rasuwar ubansu. Tarjuki ya ce kowa ya turo hotonsa ta waya, shi zai zaunar da su a tsakar gidan Mak.

Ya ɗora tsakar gida, ya ɗora marigayi a kujera, ya ɗora Mak. Da ya kai kan jikoki, Hajiya ta sandare. Ya kashe, ya kunna, ya sake. Kullum a wurin nan take tsayawa, wani lokaci ma ta zubar da aikin yini guda.

"Ka share tsofaffin hotuna mana, ta samu wuri," na ce masa, ni da na san komai.

"Kai Madi, ruwan baba ya shige maka ƙwaƙwalwa," ya ce. "Ba rumbun ne ya cika ba. A marinarku, in ɗakin ajiya ya kai girman filin ƙwallo amma igiyar shanya taku biyu ce, zane nawa za ka shanya lokaci ɗaya?"

"Biyu, in an matsa."

"To ita ce matsalar Hajiya. Igiyar shanyarta ake kira ram. Kowane mutum da na ɗora zane ne jiƙaƙƙe, sai an baza shi."

Ya buɗe cikinta ya nuna mini wani ɗan siririn allo kore mai haƙoran zinariya, zaune a cikin rami, da wani ramin kusa da shi babu kowa. Shi ne ram ɗin, in ji shi, da giga ake auna girmansa, wannan huɗu ne. Abin da yake so shi ne guda biyu iri ɗaya, takwas-takwas, su yi aiki kamar tagwaye. Kuma ba kowanne ke shiga ba. A tsakiyar haƙoran akwai 'yar tsaga, kowane zamani da inda tasa take, in ba ta dace da ramin ba ko da guduma ba zai zauna ba.

Yana shirin zuwa saye sai ga wan matarsa ya dawo hutu daga Batam, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa. Kang Kasmuri, don Kang muke ce wa yaya, mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya, kuma shi ya tsaya wa Tarjuki lokacin neman aure. Ya ji labarin Hajiya a waya, ya zo da tsaraba a naɗe cikin hankici. Ya ajiye a kan teburi a gaban jama'a ya ce, "Ƙanena, ga maganin matsalarka. Sabon yayi ne, a garin nan babu irinsa."

Tarjuki ya warware hankicin. Ina tsaye a bayansa, na leƙa. Ram ne, kuma mai kyau, amma gajere ne, na kwamfutar ɗauka a hannu, bai kai rabin ramin Hajiya ba. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kang, wannan ai ya fi ƙarfina. Allah ya saka."

A wurinmu ba a ce wa babba kyautarsa ba ta yi ba, balle suruki. Ni ma da ni ne haka zan yi. Ya kai shi gida ya ɓoye a cikin kabad ƙarƙashin faranti, yana cewa Kang zai kwana biyu ya koma, sannan ya je ya sayo abin da ya dace. Ashe hutun Kang na wata guda ne. Shagon kayan kwamfuta da muka sani kuwa na abokin Kang ne, in ka saya da safe kafin azahar ya ji.

Sai Kang ya mai da shagon hoto wurin shan shayinsa. Kullum bayan la'asar sai ga shi. "To, ya jikin Hajiya?"

"Ai Kang, ta koma budurwa," in ji Tarjuki. Sai ya buɗe ɗan hoton katin shaida guda ɗaya, ya juya shi hagu, ya juya shi dama. "Ka gani? Kamar walƙiya."

Kang ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi, ya dafa aljihun rigarsa, ya yi kamar zai yi magana, sai ya koma labarin jiragen ruwa. Da ya fita, Tarjuki ya buɗe hoton Mak, Hajiya ta sandare a kan jikoki. Ni kuma ina gefe ina dariya har ina tari.

"Yi dariyarka, ja'iri," yakan ce. "Ba kai ka auri ƙanwarsa ba."

Amma dariyar ta fara yi mini ɗaci ranar da muka je gaida Mak. Na yi sallama na tsuguna a gabanta, ta ƙura mini ido ta daɗe, sai da na yi magana ta ce, "Au, Madi ne?" Sannan ta juya ta tambayi ɗanta, a hankali, ko hoton ya kusa. Ya ce saura kaɗan. Muka kamo hanyar dawowa. Na ce in zai ba ni hoton allon cikin Hajiya zan hau jirgin ƙasa in je birnin Semarang in sayo a ɓoye. Ya ce in Kang ya ga murfin a buɗe fa? In ya ce a nuna masa nasa a ciki fa?

Matarsa Casmirah ce ta raba gardamar. Ita ma 'yar garin nan ce, ta san kara, amma ita ke ɗiga wa Mak magani a ido kullum. Washegari da Kang ya zauna, ta shigo da tire kamar yadda ta saba: kofi uku, soyayyar ayaba, a tsakiya kuma, a kan ɗan farantin baƙi, ga gajeren ram yana ƙyalli. Ta ajiye tsakaninsu ta ce, "Ga shi nan, na tsince shi ina neman faranti. Ɗayanku ya yi magana, ko in tsoma shi a shayin." Ta fita.

Ina gefe ina kallonsu. Tarjuki ya dubi ƙasa kamar ya haƙa rami. Kang ya dubi silin. Can sai na ga kafaɗun Kang suna rawa. Ya sa hannu a aljihun nan da yake dafawa kullum, ya zaro wata 'yar leda ya ajiye kusa da ayaba. Ram ne dogaye guda biyu, koraye, iri ɗaya.

"Tun kwana biyu da zuwana abokina ya gaya mini na yi shirme," ya ce. "Shi ya haɗa maka Hajiya, ya san cikinta. Ya ce biyu za a sa, takwas-takwas, masu tsaga irin ta da. Na saya. Na zo zan ba ka, sai ka ce mini ta koma budurwa. To yaya zan ƙaryata ka a shagonka?"

"Kang, kana nufin duk kwanakin nan..."

"A aljihuna suke, ƙanena. Har masallaci nake zuwa da su."

Ban taɓa ganin manyan mutane biyu sun yi dariya irin ta ranar ba. Tarjuki ya zamo daga kujera. Casmirah ta leƙo ta ce, "Ku gama, tsohuwa tana jira."

Ya kashe wuta, ya taɓa ƙarfen taga don ya sauke 'yar lantarkin da ke jikinsa kada ta lalata ram, ya cire tsohon, ya daidaita tsaga da tsaga, ya yi bismillah ya danna. Ƙas. Ya danna na biyu. Ƙas. Da aka kunna, Hajiya ta ɗan yi tunani, sai ta farka. Ya ɗora jika na fari, ya ɗora na biyu, ya yi ta ɗorawa, ita kuwa ko gezau. Kang yana ihu a kunnensa, "Ƙara mata! Ƙara mata!" Da aka zo kan hoton Kang ɗin, don Mak ta ce a sa shi, ya roƙi a ɗan rage masa tumbi. Tarjuki ya ce wannan kam sai an ƙaro wani ram ɗin.

An buga hoton da faɗin ƙyauren ɗaki. Mu huɗu muka ɗauke shi zuwa gidan Mak, muka jingine shi a tsakar gida inda rana take. Ta matso har hancinta yana kusan taɓa gilashi. Ta fara daga mijinta, ta daɗe a wurin. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana kiran suna, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da ta kai kan autanta ta ce, "Wannan bai taɓa taje kai haka ba, Juki, aikinka ne." Ta zauna a gaban hoton har rana ta faɗi, aka kawo mata abinci nan.

Bayan 'yan watanni ganin ya tafi gaba ɗaya. Hoton yana rataye a saitin gadonta, ƙasa-ƙasa, inda hannunta yake kaiwa.

Ana gobe zai rasu, ina wanke hannu a bakin marina sai ga shi a kan babur, da sabon hoto a naɗe a bayansa. Ƙanwarsa ta Kalimantan ta haihu, ya ƙara jaririyar a cinyar uwarta.

"Kai Juki, ai Mak ba ta gani yanzu," na ce. "Wahalar me kake yi?"

"Da yatsa take ƙirga su kullum. Ta san inda kowa yake zaune. Ta ce in nuna mata wurin jaririyar." Ya ɗaga gilashin hular kwanonsa ya dube ni sama da ƙasa. "Kuma ta ce ta laluba ko'ina ba ta ji ka ba."

"Ni? Ni ɗan gidan ne?"

"Je ka tambaye ta, kai da ka cinye mata rabin tukunya tun kana yaro. Gobe ka zo in ɗauke ka."

"Hajiya za ta iya ɗaukar ƙarin mutum?"

"Yanzu ko garin nan duka. Amma don Allah ka yi wanka, Madi. Ba komai ram yake iyawa ba."

"Sai ka sa mini hula," na ce.

"Da riga," ya ce, ya tayar da babur.