Katunan Da Ban Kai Tudun Wada Ba

Shekara ashirin ke nan cif da muka kai yayata Saratu makwancinta a ƙauyenmu. Duk shekara idan watan ya zagayo, 'yan'uwa kan taru a gidanta na Barnawa, a yi addu'a, a ci shinkafa, kowa ya faɗi alherinta. Ni ne autansu, ni ake bar wa maganar ƙarshe, kuma na iya ta har mata su riƙa share hawaye. Bana ban je ba. Na gaji da tsayawa ina yabon matar da na cuta, shi ya sa na zauna rubuta abin da ban taɓa faɗa a taron nan ba.

Yaya Saratu malamar firamare ce, mai faɗa, mai kyan rubutu. Rabin manyan Barnawa na yau sun ɗanɗana rularta a bayan hannu. A bayan gidanta akwai ɗaki biyu, inda wata tela mai suna Rabi ta zauna da 'ya'yanta shekara goma sha huɗu. Rabi Musulma ce, mu Kirista ne, amma ban taɓa jin sun yi gardamar addini ba. Duk rigimarsu a kan igiyar shanya ce, da wadda ta bar famfo a buɗe. Rabi ce ke ɗinka wa matan zumuntar cocinmu anko, kuma ita kaɗai ke iya ce wa Yaya ta yi shiru, ta yi. Ni kuwa har furfura ta fara fito mini, Auta Rabi take kirana.

Da soja suka koma bariki mun yi murna, muka ce wahala ta ƙare. Ba a daɗe ba rikici ya tashi a garin nan, wanda duk mutumin Kaduna ya san abin da ya gani a cikinsa. Bayan ƙura ta lafa, kowa ya kwashi kayansa ya nufi inda nasa suka fi yawa, kogi ya zama iyaka. Rabi ta koma Tudun Wada, can gangare kusa da ruwa. Sun rabu suna kuka, suna alkawarin ziyara, amma ƙafa ta ɗauke. Wayar hannu a lokacin sai manya. Ana cikin haka ciwon suga ya ci ƙafar Yaya ta hagu, likita ya yanke ta daga gwiwa, Rabi ba ta ji ba.

Sai kogin Kaduna ya yi ambaliya a ƙarshen wata damina. Ruwa bai tambayi sunan kowa ba, ya shiga gidajen wannan gaɓa da na waccan. Mutane suka tare a azuzuwan makarantu da ɗan abin da suka tsira da shi.

A al'adarmu, wanda gobara ko ruwa ya cinye wa kaya, jaje ake zuwa yi masa. Ka taka ka je, ka zauna a tabarmarsa, ka ce Allah ya mayar da alheri. Yaya ba ta taɓa fashin jaje ba a rayuwarta, ga shi yanzu ko bakin ƙofa sai an tallafa mata. Kwana biyu tana jin labari a rediyo tana tsaki. A rana ta uku ta aika aka sayo mata farin kwali da ambulan, ta tara matan zumunta a falonta da almakashi. Su suna yanka, ita tana rubutawa, kowane kati da sunan mai shi, don ta ce jajen da ba suna a kai na gwamnati ne. Na mutanen coci ta sa musu aya. Na Musulmi ta rubuta musu addu'ar da suka saba ji a bakin maƙwabta.

Na yi mata dariya, na ce wanda katifarsa ke cikin laka me zai yi da kwali. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce shinkafa da bargo akwai masu kaiwa, ita ma ta ba da nata, amma buhun shinkafa bai san sunan kowa ba. Sannan ta ce, “Zumunta a ƙafa take, Bulus. Tawa ta tafi. Kai ne ƙafata.”

Na wannan gaɓar duk na kai su cikin kwana biyu. Na ga dattijo ya karanta nasa sau biyu ya soke a cikin hula, daga ranar na daina dariya. Saura guda goma sha ɗaya na Tudun Wada, waɗanda ta ɗaure da ƙyallen atamfa, na Rabi a sama.

Kada mai karatu ya ɗauka gada ce ta gagare ni. Kullum sai na haye ta zuwa ofis. Abin da na kasa shi ne karya kan mota in shiga lungunan da ba wanda ya san ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma abin da idona ya gani lokacin rikici bai bar ni ba. Sau uku ina kaiwa mararraba ina wucewa. Daga ƙarshe na ɗaga shimfiɗar but ɗin motata, na tura ƙunshin ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana, na ce sai Asabar.

Da na koma gida ta tambaye ni ko na kai, na ce na kai. Ta tambayi abin da Rabi ta ce. Na ce ta gode ƙwarai, tana gaishe ta. Yaya ta ce, “Gaisuwa kawai?” Na ce gaisuwa kawai, na tashi na shiga wanka.

Duk da haka ta sa aka share ɗakunan baya, aka shimfiɗa sabuwar leda. Da yamma takan sa a fitar mata da kujera inda take hango bakin titi. Ta yi haka har damina ta wuce, sannan ta daina, kuma ba ta sake ambaton sunan Rabi a gabana ba. Kafin wata daminar ta rasu. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi.

Na sayar da motar daga baya, na mayar da ƙunshin cikin akwatin takardun fanshona. Yau idan ruwa ya ci unguwa, kafin ya janye hotunan sun cika waya. Kowa ya danna alamar hawaye, ya tura wa na gaba, ya ci gaba da cin abincinsa. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin za ta so saurin abin, don ba ta da haƙurin jira. Amma na san za ta tambaya wa ya taka ya je, kuma ni ba ni da bakin zargin yaran yanzu.

Daminar da ta wuce ruwa ya sake tashi. Matan zumunta, waɗanda yawancinsu 'ya'yan na farko ne, suka ce za su farfaɗo da katunan Malama Saratu, suka zo har gida neman in ba su labarin yadda na raba na wancan karon. Na ba su labari mai daɗi. Bayan sun tafi na buɗe akwatin takardun fanshona. Washegari na ɗauko ƙunshin, na hau Keke Napep zuwa Tudun Wada. Tambaya biyu na yi aka nuna mini gidan Hajiya Rabi tela. Ba wanda ya ko kalle ni sau biyu.

Ta tsufa, idonta ya tafi, amma da na yi sallama ta ce, “Auta ne?” Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta miƙa wa babbar 'yarta ambulan ɗin, wanda ni kaina ban taɓa buɗewa ba, ta karanta mana:

“Rabi, na ji abin da ruwa ya yi miki. Allah ya mayar da alheri. An yanke mini ƙafa, shi ya sa ba ki gan ni ba. Ɗakinki yana nan. Ki kwaso yara ku zo, igiyar shanya duk na bar miki.”

Hajiya ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta ce mako bakwai suka yi a ajin makaranta, keken ɗinkinta ya yi tsatsa a cikin laka, kuma duk motar da ta tsaya sai ta leƙa ko Saratu ce. Da ba ta gan ta ba, ta ce ashe ita ma ta bi sahun masu cewa mu da su. Da labarin rasuwar ya iso mata, zuciya ta hana ta zuwa gaisuwa. Ta ce shekaru ta yi tana fama da ranta kafin ta yafe wa Saratu, ashe ita ce ke da neman yafiya.

Sai ta tambaye ni me na ce wa Yaya ta faɗa. Na gaya mata. Ta girgiza kai.

“Ko ƙaryar ba ka iya ba, Auta. Ni in ji an yanke wa Saratu ƙafa in aika gaisuwa? Da ko a kwalekwale ne sai na haye ranar. Ita ma ta san haka.”

Tun ranar maganar nan ke cina. Ko dai Yaya ta yarda da ni, ta mutu tana ganin aminiyarta ta yar da ita, ko kuwa ta gane tun daga wannan “gaisuwa kawai”, ta rufa wa autanta asiri, ta zauna a bakin titi tana jiran ranar da zan ji kunya in kai. Ban san wanne ya fi nauyi ba, kuma mai ba ni amsa tana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa. Gidan Barnawa ya tsufa, ɗalibanta sun fara bin ta ɗaya bayan ɗaya. Amma rubutunta bai dushe ba, kuma ya sa tsohuwa makauniya ta rungume kwali a ƙirji tana kiran sunanta. Hajiya ta lissafa mini gidajen sauran goman da ka. Uku na same su na ba su, huɗu na miƙa wa 'ya'yansu don masu su sun rasu. Uku ba wanda ya san inda ruwa ya watsa su, suna nan a aljihun rigata duk inda za ni.

Da zan tafi na roƙi Hajiya ta yafe mini. Ta ce nata mai sauƙi ne, ta yafe. Na Saratu kuma, ta ce, ba a hannunta yake ba.