Makon Da Na Zagaya Kango a Arawa

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa manta makon da na yi ina zagaya wani kango a unguwar Arawa ba, bakina a rufe, ruwan sama yana dukana, mutane suna kallona kamar wadda ta sami taɓin hankali. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a unguwar Federal Low-Cost ni da maigidana, wanda ma'aikacin gwamnati ne. Cikin 'ya'yanmu, na biyun ne ya tayar mana da hankali. Saurayi ne mai shiru-shiru, yana karatu a wata babbar makaranta a nan cikin gari. Sai muka ga ya fara canzawa, idanu jajur, magana a jaye, abinci ma sai an yi da gaske. Ashe ya faɗa shan ƙwayoyi da maganin tari. Ranar da babansa ya tabbatar da haka, ya ce ya bar masa gida, shi kuwa ya ɗauki 'yar jakarsa ya fita bai ko waiwayo ba. Daga baya muka ji yana kwana a wani ginin da ba a ƙarasa ba a Arawa, tare da wasu samari da ake cewa 'yan kalare ne, irin masu yawo da makami a ƙugu.

Ni mace ce mai baki, duk wanda ya san ni ya san haka. Na je ƙofar kangon nan na yi faɗa har muryata ta dishe. Na kai ƙanin babansa, na kai wani dattijon ikkilisiyarmu. Duk lokacin da ya ji muryata sai ya haura ta baya ya gudu.

A wannan daminar ne Fastonmu yake bi da mu labaran yaƙe-yaƙen Isra'ilawa a taron zumuntar mata. Gaskiya, maimakon su kwantar mini da hankali, ƙara rikita ni suka yi. Wannan mako a ce Ubangiji ya sa Gidiyon ya sallami yawancin mayaƙansa. Wani mako a ce an umarci mutane su tsaya cik, kada su ɗaga ko takobi. Wani mako kuma a ce Dawuda ya tambayi Ubangiji aka ce ya hau wa abokan gaba kai tsaye, da ya sake tambaya aka ce a'a, ya zagaya ta baya ya jira. Ina zaune a benci ina cewa a raina, to ni wanne ne nawa? In ƙara mutane ne ko in rage? In je ne ko in zauna?

Sai muka zo kan Yariko. Fasto ya bayyana yadda Joshuwa ya sa jama'a su zagaya garun birnin sau ɗaya kowace rana, a rana ta bakwai su zagaya sau bakwai, sannan su yi ihu. Ya cire tabarau ya dube mu ya ce, "Mata, abin da ya fi ba ni mamaki ba faɗuwar garun ba ne. Shirun ne. An ce kada kowa ya ce uffan sai ranar da aka ba shi izini, suka kuwa yi biyayya." Wasu mata suka juyo suna kallona suna 'yar dariya. Ni ban yi dariya ba. Sai na ji kamar an dafa kafaɗata an ce, ki yi shiru. Ban ji wata murya da kunne ba, kada in yi ƙarya, amma abin ya zauna mini a ƙirji.

Kafin in isa gida na riga na gama shirina. Ana hutun makaranta, don haka ranar Litinin da safe na ɗaura zane, na ɗauki lema, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Arawa. Maigidana ya tambaye ni ina za ni, na ce addu'a. Ya ce, "Wace irin addu'a ce sai an shiga keke?" Ban amsa ba, domin na riga na fara shirun.

Kangon yana bayan jerin shaguna. Ba a iya zagaya shi kai tsaye, sai an bi ta wani lungu mai kwata, a ratsa bayan wani garejin gyaran babura, a tsallake juji, sannan a ɓullo inda wata dattijuwa Bafulatana take tuyar ƙosai. Haka na bi, takalmina yana nutsewa a taɓo. A zuciyata ina addu'a, amma rabin hankalina yana kan tagogin nan marasa ƙyaure, ko zan hango shi. Na ga inuwar mutane, na ji an yi dariya, sai kuma aka yi tsit. Na gama zagaye ɗaya na koma gida.

A rana ta uku mai ƙosai ta kasa daurewa. Ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Wani abu kika yar a nan?" Na girgiza kai. Ta ce, "Ko ba kya jin Hausa ne?" Ta juya harshe zuwa Fulatanci, na sake girgiza kai, na nuna bakina da yatsa. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Allah sarki, ashe bebiya ce." Ta naɗe ƙosai a takarda ta miƙo mini. Ni da nake koya wa yara karatu da baki tun ina budurwa, ga ni riƙe da ƙosan sadaka, an ɗauke ni bebiya, kuma ba halin in gyara zancen.

Kowace rana shakka tana ƙaruwa. In na dawo gida sai in zauna a bakin gado in tambayi kaina, wai Allah ne ya aike ni ko ni na aiki kaina? Isra'ilawa suna da firistoci da ƙahoni da akwatin alkawari, ni lema kawai gare ni. Su an faɗa musu ƙarara, ni fa? Amma kuma in na ce zan daina, sai in tuna waɗanda suka karya umarni aka fatattake su a yaƙi na gaba, tsoro ya kama ni. Ban san ko bangaskiya ce take tura ni ba, ko tsoro, ko taurin kai irin nawa.

Rana ta bakwai ta faɗo Lahadi. Ana tashi daga sujada na wuce Arawa da kayan zumuntar mata a jikina. Zagaye bakwai ba wasa ba ne ga mace mai ciwon gwiwa. Tun a na huɗu masu shaguna suka fito suka tsaya, masu gyaran babura suka ajiye sifana, yara suka biyo ni a baya. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce a ƙyale ta, ba ta taɓa kowa ba. Da na gama na tsaya a ƙofar kangon ina haki. Lokacin ihu ya yi, sai na tarar ban san abin da zan ce ba. Duk makon ban taɓa tunanin wannan ba. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai sunan ɗana ne, sunan da nake kiransa da shi tun yana goye. Na ƙwala shi da iyakar ƙarfina.

Mai ƙosai ta saki matsami ta yi salati. Gini kuwa ko ƙasa ba ta zubo daga jikinsa ba.

Can sai wani saurayi ya leƙo ta taga, wuyansa da layu, ya ce, "Mama, don Allah ki rabu da mu. Ɗanki ba ya nan. Tun Laraba muka kore shi."

Na zauna a kan wani bulo. Wato rabin makon nan ina zagaya inda ɗana ba ya ciki. Kuma yanzu ban ma san inda yake ba, alhali da can aƙalla na sani. Mai ƙosai ce ta kama hannuna ta zaunar da ni a bencinta, ta ba ni ruwa. Ta ce, "Ashe ɗa kike nema. Da kin faɗa mini ai da na gaya miki na ga fitarsa da jaka." 

Daga nan gidan Fasto na nufa, na kwashe komai na faɗa masa ina kuka. Ya shafa kai, sannan ya ce, "Mama, ni ban ce ki je ki zagaya ginin mutane ba. Da sun sare ki fa?" Na ce, "To Fasto, Allah ne ya yi mini magana ko ba shi ba ne?" Ya ce, "Me kika ji an ce miki?" Na ce, in yi shiru. Ya ce, "Zagayen fa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce shi ba zai iya yanke hukunci a kan abin da ya shiga tsakanina da Ubangiji ba, mu dai yi addu'a a ga yaron lafiya. Na fito gidansa na fi yadda na shiga rikicewa.

Bayan 'yan kwanaki yayar maigidana, wadda take zaune a unguwar Hammadu Kafi, ta aiko in zo ni kaɗai. Ina shiga na ga ɗana zaune a tabarma a tsakar gida, ya rame, wuyansa kamar zai karye. Gwaggonsa ta ce tun ranar da aka kore shi daga kangon yake wurinta, ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ita kuma ta ga ba za ta iya ci gaba da ɓoyewa ba. Ta ja mini kujera ta shige ɗaki.

Na zauna. Duk faɗan da na tanada na watanni ya ɓace. Ba wai na daure ba ne, maganar ce babu. Shi kuma ya duƙar da kai yana jira a fara. Da ya ji shirun ya yi yawa ya ɗago ya ce, "Mama, ki yi magana mana. Ki zage ni." Na kasa.

Sai shi ya fara. Ya ce ranar farko da ya hango ni ya shirya gudu, amma ya ga ban kira shi ba, ban ko kalli ƙofa ba. Rana ta biyu abokansa suka ce asiri nake yi musu, wasu suka ce leƙen asiri nake yi wa hukuma, a ta uku suka watso masa jakarsa waje. Ya ce shi ba wannan ya dame shi ba, ya ɗauka shi ne ya haukatar da ni. Ya yi kuka sosai. Daga nan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba: tun shekarar da ta gabata aka sallame shi daga makaranta saboda faɗuwa jarrabawa, kullum sai ya yi shiri ya fita kamar mai zuwa aji, ya je ya zauna a gindin bishiya har yamma. A can ya haɗu da samarin nan. Ya ce, "Sau da yawa na zo zan gaya miki, Mama. In na fara sai ki ƙarasa mini da wata maganar."

Ban ce ya warke a ranar ba. An kai shi asibiti, ya daina shaye-shayen, ya koma, ya sake dainawa. Babansa ya ɗauki watanni kafin ya yarda su ci abinci a kwano ɗaya. Yau dai yana da shagon gyaran waya, yana da mata da 'ya, kuma shi ke kai ni majami'a a kan babur ɗinsa.

Mata a zumunta sun sha cewa in tashi in ba da shaida cewa garun Yariko ya faɗi a Arawa. Nakan ƙi, domin har yanzu ban gama gane abin ba. Zagayen ne ya sa aka kore shi daga cikin mutanen nan, wannan gaskiya ne, amma zagayen nan ni na ƙara shi, kuma da ya iya jawo mini sara ko shi a kashe shi. Ko Allah ya yi amfani da wautata ne, ko ya tsare ni ne duk da ita, ban sani ba.

Abin da na koya shi ne, biyayya ba kwaikwayon yaƙin wani ba ce. Kowane yaƙi da Isra'ilawa suka yi, umarninsa daban, kuma sai da suka saurara kafin su san shi. Nawa umarnin gajere ne, ya kuma fi zagaye bakwai wuya a gare ni: in rufe bakina har ɗana ya gama maganarsa.