Malam Labbo da Gurabe Taran da Ya Ƙi Cikewa

Kullum da hantsi Malam Labbo Galadi yakan jingine kekensa a gindin dogon yaro, ya shiga ofishin kula da dabbobi, ya buɗe babban littafin nan mai layi-layi. Kowane layi ruga ce, daga ƙasar Shinkafi har Zurmi. Kowane gurbi kuma adadi yake jira: shanu nawa aka yi wa allura, nawa suka kamu, nawa suka mutu. Shi kuwa inda ba a rubuta komai ba yake fara bi da jan biro. Inda ma'aikaci bai je ba ya zana zobe, inda takarda ta ɓata ya ja layi biyu, inda aka tarar an yi ƙaura ya rubuta "sun tashi". Shekara talatin da ɗaya ke nan, ga shi wannan watan zai ajiye aiki.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, yana Ƙaura Namoda, ruwa ya yanke hanyar rugage tara wajen Birnin Tsaba. Wata huɗu ba labarinsu. Shugaban ofishin yana son Gusau ta ga rahoto cif, sai ya tsaya a kansa.

"Labbo, zuba musu sifiri, gobe rahoto zai tafi."

"Ranka shi daɗe, sifiri na nufin mun tahi mun duba ba mu iske ciwo ba. Mu ko ba mu tahi ba."

"To wa zai gane?"

"Ni na gane. Kullum ana muna wa'azi kan shaidar zur. Wagga ma ita ce, sai dai da biro aka yin ta."

Shugaban ya rasa mai sake kwafe littafin kafin safiya, dole rahoto ya tafi da zobba tara jajaye. Sati bai cika ba aka tura Labbo wani ɗan ɗaki a Zurmi, wai ya je ya koyi ladabi. Ya ɗaure littafinsa a bayan keke, bai roƙi kowa ba.

Can Gusau wani likitan dabbobi ya ga zobban a rahoton, ya tambayi ma'anarsu, ya tura mutane a kan babura. Rugage huɗu aka tarar ciwon huhu ya shiga. Ardo Lado, mai ɗaya daga cikinsu, ya ce mini: "Shanu bakwai na binne. Da an ƙara wata guda, sanda kaɗai za ta rage a hannuna."

Ba wanda ya ba Labbo haƙuri, ba a kuma maido shi Ƙaura ba.

Malam Labbo, kai ne ka ce "ban sani ba" ranar da faɗinta ke da tsada. Namijin duniya, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarsa, in an matsa muku ku rubuta abin da ba ku gani ba, ku ajiye biron, ku nemi babur ku je ku gano.