Yadda Na Shiga Tsakanin Yayata da 'Yarta

A lokacin ina sabon kammala digiri a fannin tarihi a nan Greensboro, a Amurka, ina zaune gidan yayata, ma'aikaciyar jinya. Bincikena na ƙarshe ya shafi ƙungiyoyin matasa na 'yan fasist, wato 'yan mulkin kama-karya a Turai, masu horar da yaro ya zama soja, yarinya kuma ta zama mai haifa wa ƙasa sojoji. Na san sharrinsu, har na rubuta shi. Amma tsarinsu ya burge ni, na ɗauka zan iya tsame ladabin in bar gubar.

Da dattawan masallacinmu suka koka cewa yara ba sa gaisuwa, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci, sai na nemi a ba ni su duk Asabar. Wani Alhaji ya ara mana filinsa a McLeansville. Na sa musu riga iri ɗaya. Maza fareti, mata girki. Na kuma aro wata doka: kowa ya kawo wa shugaba, wato ni, rahoton abin da ya saɓa tarbiyya, ko a gidansu ne. Iyaye suka yi ta sa mini albarka.

Ba zan ce duk yaran sun cutu ba, domin ban tabbatar ba. Abin da na shaida shi ne 'yar yayata ta miƙe gaban sauran yaran ta kawo ƙarar uwarta, wai tana fita aiki cikin maza, saboda haka ba cikakkiyar mace ba ce. Na yaba mata, aka tafa. Daga nan ta daina cin abincin uwar, ta daina gaishe ta.

Yayata ba ta ɗaga murya ba. Ta tsayar da ni a ƙofa da kayan asibiti a jikinta, ta ce ta ba ni amanar 'ya, in faɗa mata wa na mayar mata. Na rushe ƙungiyar, na nemi gafara, amma har yau yarinyar ni take kawo wa damuwarta, uwar tana ji daga ɗaki.

Na gaji da neman inda kuskuren ya fara. Abin da na fahimta shi ne ladabin da gubar ba sa rabuwa. Iyaye, duk mai tarbiyyar da ya koya wa ɗanku sa muku ido, ku janye ɗanku ranar, ko da mai tarbiyyar ɗan uwanku ne.