Masu Turin Safe

Tsohuwar motar mahaifina, bashe mai buɗaɗɗen baya, man gazuwal take sha, kuma da ɗari ya shigo ba ta tashi da safe sai an tura. Shi ya sa yake kwanar da ita bisa tudun bayan masallacinmu a Deule, hancinta na kallon gangare. Ana sallame asuba sai dattawan unguwa su naɗe riguna su ɗora hannu, ana tsiya, wannan ya ce wancan ba turi yake ba, jingina kawai yake. In ta tashi tana aman farin hayaƙi, sai a bar ta ta ɗumama, a shiga zaurenmu shan shayi. Tun rasuwar innarmu, lokacin nan kaɗai ake jin dariyar Baba.

Ni kuwa abin yana ci mini rai. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna tura ƙarfe, ni ina Madawa ina aiki, haba! Da ƙyar na lallashi Baba muka kai ta garejin wani makanike. Mutumin ya murɗa makullin kontak ya kasa kunne, rele, ɗan abin da ke sakin wuta, ya yi ƙas, ya ce to wuta tana zuwa. Ya ce injin gazuwal sai buji sun ɗumama cikinsa yake kamawa in da sanyi. Ya kwance su, ya riƙa haɗa kowanne da batir. Mai rai kansa yakan yi ja kamar garwashi, guda kaɗai ya yi. Aka sa sabbi, washegari mota ta tashi bugu ɗaya.

Da na koma gida bayan 'yan makonni, na iske zaure shiru, butar shayi a kife. A wajenmu dattijo ba ya zuwa gidan wani da sassafe ya zauna shan shayi babu dalili, kada a ce kwaɗayi ya kai shi. Dalilin kuwa na gyara shi da hannuna. Baba ya rame, magana ma sai an ja shi. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban san abin yi ba.

Ba a daɗe ba aka aiko mini wai motar ta sake ƙin tashi. Na ɗauko makaniken bisa moto, wato babur, ina ta yi masa masifa a hanya. Da muka iso ya murɗa kontak, 'yar fitilar da ke nuna ɗumi ba ta kama ba, rele ma shiru. Ya bi waya a hankali har akwatin fizibil, ɗan abin nan da in babu shi wuta ba ta wucewa, ya buɗe, ya tsaya. Gurbin babu komai.

"Malam, fizibil yakan ƙone," in ji shi a hankali, "amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙafa ba."

Na waiwaya. Baba yana can yana kallon awaki kamar yau ya fara ganinsu, hannunsa guda cikin aljihu. Makanike ya ce yana da wani a jakarsa, yanzu zai sa.

Na ce ya bar ta haka, na ba shi haƙuri kan surutun hanya.

Da safe na naɗe rigata na shiga sahu, kusa da tsohon nan mai jingina. Baba ya leƙo ta taga yana dariya ya ce, "Ku tura mana! Kai ɗan Madawa, ina ƙarfin naka?"